Rabon Masu Kala

A ma'aikatar kuza, duk wanda ya tsaya a ƙarshen bel ana ce masa Wutsiya. Waɗanda suka riga shi sun amsa sunan na ɗan lokaci ne, da aka canja musu wuri suka koma sunayen da iyayensu suka raɗa musu. Shi kuwa ya daɗe a wurin har sunan ya bi shi gida. Matarsa ma idan ranta ya ɓaci da shi take kiransa.

Aikin ba shi da wuyar bayani. Ana fasa dutsen da aka haƙo, a zubo shi a kan bel mai tafiya, mutane su jeru hagu da dama suna tsince masu kuza, suna jefawa a wani kwaroro da ke kai su injin niƙa. Dutsen da ke da kuza suna ce masa mai ciki, wanda babu komai a cikinsa kuma fanko. Abin da ya wuce hannun kowa sai ya zube ta ƙarshen bel, tifa ta kwashe ta kai juji a bayan katanga. Wutsiya shi ne ido na ƙarshe. Abin da ya bari ya tafi, to ya tafi ke nan.

Mutum ne siriri, marar yawan magana. Ƙarar injuna ta cinye masa rabin kunnen hagu, shi ya sa yake karkata kai idan ana yi masa magana, har baƙo ya zaci musu yake shirin yi. Bai taɓa makara ba, bai kuma taɓa yin wani abin da za a riƙa tunawa da shi ba. Irin mutanen nan ne da sai ranar da ba su zo ba ake lura da cewa akwai su.

A kan jujin nan ya tashi. Mahaifinsu ya rasu yana jariri, uwarsu ta shiga cikin matan da ke kala a bayan katanga. Masu kala sukan bi tsibin duwatsun da aka zubar, su zaɓo waɗanda suka yi musu nauyi a hannu, su fasa da guduma, su daka, su wanke a kududdufi, baƙin da ya kwanta a gindin kwano su kai wa mai awo ya saya. Yayarsa ce ta yi renonsa a can, tana goye da shi tana fasa dutse. Da ya kawo ƙarfi ya samu shiga cikin ma'aikata. Ita kuma ta yi aure, ta haifi 'ya ɗaya, mijin ya rasu, ta dawo ta ɗauki gudumar uwarsu.

Akwai wata al'ada a kan bel ɗin da ba a faɗa da baki. Lokaci-lokaci wutsiyar bel zai ga mai ciki ya taho, ya janye hannunsa ya bar shi ya wuce. Ba manyan ba, waɗannan na kamfani ne. Matsakaitan ake saki, waɗanda kuzarsu ta yi siririn zare a jikin dutse. Sabon ma'aikaci yakan ga irin dutsen zai wuce, ya miƙa hannu da rawar jiki, na kusa da shi ya ɗan taɓa masa gwiwar hannu. Daga ranar ya gane, ba zai kuma tambaya ba. Foman, mai kula da ma'aikatan bel, ya sani, domin gwaggonsa ma mai kala ce. Idan kana neman faɗa da mutanen nan, ka kira abin sata. A wurinsu ɓarawo shi ne mai sa dutse a aljihu. Su hannu kawai suke janyewa, kuma sun yarda har zuciya cewa akwai bambanci.

Da wannan sakin yayar Wutsiya, wadda yake kira Yaya, take riƙe da kanta. Ɗakinta ɗaya ne a ƙarshen layi, rufin kwano, taga tana kallon juji, da turmin ƙarfe a bakin ƙofa wanda tsufa ya sa gindinsa ya lotsa. 'Yarta tana aure a wani gari mai nisa. Surukin mutumin kirki ne, ya sha aikowa a zo a tafi da ita, tana mayar da ɗan aike da godiya da hannu wofi.

"In je gidan suruki in zauna ana miƙo mini kwano?" in ji ta. "Muddin ina iya ɗaga guduma, ina ɗakina."

Wutsiya ma ya gwada sa'arsa, ya ce ta dawo gidansa, akwai ɗaki. Ta kalle shi sama da ƙasa.

"Auta, ni na goya ka. Ba kai za ka goya ni ba."

Bai sake tayar da maganar ba. Ya san taurin kanta, ya kuma san a ƙarƙashin taurin kan akwai tsoro. Yana ƙaunarta fiye da yadda ya iya nunawa, kuma hanya ɗaya da ya samu ta nuna mata ita ce wannan janye hannu da yake yi, tana karɓa ba tare da ta ce na gode ba, domin a wurinta tsintuwa ce ta yi.

Ana nan furfura ta fara cin gemunsa sai aka kawo na'ura. Tirela ce ta shigo da ita, wani dogon akwatin ƙarfe mai launin toka, bel yana shiga ta baki ɗaya, kwaroro biyu suna fita ta ɗayan. Da ita aka turo wata injiniya, mace mai ƙaramin jiki, hular kwanon ta yi mata yawa, tana yawan ture ta baya da yatsa. Ba ta da girman kai, ba ta kuma da lokacin hira. Ta ga Wutsiya yana zagaya akwatin da kai a karkace, sai ta kira shi.

"Baba, an taɓa yi maka hoton ƙirji a asibiti?"

"An yi mini, shekarar da na yi tari."

"To shi ne wannan. Wani haske ne yake ratsa kowane dutse yana cikin tafiya. Dutsen banza haske yana wuce shi, kuza kuwa tana tare shi, sai ta fito baƙa a allon nan. Ka gani?"

Ya leƙa allon. Duwatsu na wucewa kamar inuwa, wasu fes, wasu da ɗigon baƙi a tsakiya, inda ido bai isa ya kai ba.

"To wa zai tsince?"

"Iska."

Ta kai shi ƙarshen akwatin ta buɗe masa wata 'yar taga. Inda duwatsun ke zubowa akwai jerin ƙananan bututu. Dutse mai ciki yana cikin faɗuwa sai ka ji tas, iska ta buge shi ya tsallake zuwa ɗaya kwaroron, na gefensa kuma su ci gaba da faɗuwarsu ba abin da ya taɓa su. Wutsiya ya daɗe yana kallo. Bai ji haushi ba, don gaskiya abin ya burge shi. Ya dai lura cewa abin nan ba shi da gwiwar hannun da za a taɓa.

Aka rage masu tsinta. Wasu aka mayar da su wurin fasa dutse, wasu aka sallame su. A bayan katanga labari ya riga ya kai, mata suna ta maganar cewa injin ba ya kuskure, juji zai koma fanko zalla.  Ranar da Wutsiya ya biya ta wurin Yaya da yamma, ya tarar tana goge gudumar da tsumma, abin da bai taɓa ganin ta yi ba.

Kwana kaɗan bayan haka injiniya ta neme shi.

"Baba, na'urar tana gani, amma ba ta san inda za ta yanke ba. Sai an koya mata. Ka zaɓo mini duwatsu kashi biyu, kwandon masu ciki da kwandon fanko. Zan bi da su ta ciki, ta ga bambancin, ta sa iyaka a tsakani."

"Ni zan koya mata?"

"An ce duk ka fi su daɗewa. Da ɗakin gwaji za mu jira, amma sakamakonsu sai ya ɗauki lokaci, manaja kuma yana so a fara. Mu fara da idonka, in sakamako ya fito sai mu daidaita."

Ya ɗauki kwandunan ya tafi gindin tsibi. Masu ciki sosai ya zuba a na dama, fanko a na hagu, hannunsa na aiki shi kaɗai kamar yadda ya saba. Sai wani matsakaici ya zo hannunsa, mai siririn zare, irin wanda ya yi shekaru yana saki. Ya tsaya da shi yana jin nauyinsa.

Wutsiya ya koyar da mutane da yawa a rayuwarsa, kuma hanya ɗaya ya sani: ka yi a gaban mutum, shi zai gane sauran. Duk wanda ya ga babba ya bar dutse ɗaya ya wuce, ya san ba cewa aka yi ya bar duka ba. Ana nufin jefi-jefi, daidai yadda na bayan katanga za su ci, na ciki ba su ji a jikinsu ba. Tunda an ce abin nan yana koyo, ya ga ba dalilin da zai hana shi koyon wannan. Sai ya jefa dutsen a kwandon hagu. Ya ƙara wasu irinsa, ba da yawa ba, daidai gwargwadon da shi kansa yakan saki.

Injiniya ta bi da su ta cikin akwatin, ta ɗan yamutsa fuska tana kallon allo.

"Waɗannan kamar da ɗan abu a cikinsu."

"Zare ne kawai," in ji shi. "Kullum wucewa suke yi."

Bai yi ƙarya ba, kuma wannan ya ɗan kwantar masa da hankali. Ta ɗaga iyakar ta wuce kansu, ta ce za a gani in sakamako ya fito.

Na'ura ta fara aiki, ta kuma koyi abin da aka nuna mata tsaf, ta hanyarta. An ce mata wannan irin fanko ne, to fanko ne. Ba ta san jefi-jefi ba. Duk wani matsakaici da ya bi ta kan bel, daga safe har a tashi, sai ta bar shi ya faɗa wurin tifa.

A kwanakin farko Wutsiya bai san girman abin ba. Ya dai ga Yaya ta dawo da kwano a cike tun rana ba ta yi zafi ba, ta koma ta sake cikowa. Ta sa aka gyara mata ƙofar da ta daɗe tana jan ƙasa. Ta sayi sabon zane, ta zo gidansa sanye da shi, ta zauna tana ba matarsa labarin yadda ake tsoron inji a banza.

"Ashe ma ya fi su Auta sakin hannu," ta ce, tana dariya. "Da mun sani da tuni mun roƙa an kawo shi."

Ya yi dariya shi ma. Ya ji daɗi ƙwarai a ranar, irin daɗin da mutum ke ji idan dabararsa ta ci kuma ba wanda ya sani.

Amma juji ba ɗaki ba ne, ba a rufe shi. Mai awo ya faɗa wa wani, wani ya faɗa wa wasu. Matan da ke kala a da ba su fi a zaunar da su a inuwar bishiya ɗaya ba, kuma sun san junansu tun suna 'yan mata. Yanzu sai ga ƙarti da buhuna da babura, daga garuruwan da ba a taɓa jin sun san hanyar wurin ba. Suna tarar tifa tun ba ta gama juyewa ba. Aka fara faɗa a kan wuri, aka fasa wa wani kai. Manaja, wanda tun zuwansa bai taɓa leƙa bayan katanga ba, ya tsaya a benen ofis yana kallon taron, ya tambayi abin da ake rabawa a can.

Wutsiya ya so ya je ya sami injiniya. Ya kai har ƙofar ɗakinta, ya ga tana waya, ya juya. Washegari ya ce bari a ga ƙarshen mako. Mutum mai jinkirin magana yakan ɗauka lokaci ma jiransa yake yi.

Sakamakon ɗakin gwaji ya fito a cikin makon. Injiniya ta same shi a gefen bel, ta ja shi inda ƙara ta yi sauƙi, ta tsaya ta wajen kunnensa mai ji.

"Baba, waɗancan na kwandon hagu. Ka san suna da ciki?"

"Na sani."

"To me ya sa?"

Ya gaya mata, a gajarce, yana kallon takalmansa. Ya yi mata bayanin saki, da mata masu kala, da cewa shi kaɗan ya nufa. Ta ture hularta baya.

"Ita ba ta san kaɗan ba," ta ce. "Ko ta ɗauki duka, ko ta bar duka. Ni ma da laifina, na ga baƙin a allo na ƙyale. Zan ce iyaka ce ba ta daidaita ba, kuma gaskiya ne. Ba zan ambace ka ba." Ta ɗan dakata. "Amma akwai abin da ba zan iya ɓoyewa ba. Manaja ya sa na ɗebo duwatsu daga juji, sabon wuri da tsohon. Baba, tsohon ma akwai kuza. Duk tsibin nan da ka gani, ya isa a sake bi da shi ta na'ura a ci riba."

"Tsohon ai mata sun tsince shi."

"Sun tsince na sama, wanda ido ya gani. Shekara nawa ana zubawa a kai?"

Ya fi ta sanin amsar. Rabin abin da ke kwance a ƙarƙashin tsibin nan ta gaban hannunsa ya wuce.

Aka gyara iyaka a ranar. Ba a yi wata guda ba aka kewaye juji da waya, aka sa masu gadi da karnuka. Ƙartin nan suka hau baburansu suka koma inda suka fito. Matan suka tsaya a bayan waya da kwanoninsu suna kallon katafila tana yankar tsibin tana loda wa tifa, tifa tana mayar da shi cikin ma'aikata ta ƙofar da ya fito. Abin da na'ura ta tace ta zubar ana kai shi wani sabon fili a buɗe, ba waya ba mai gadi, domin babu abin da za a tsare.

Wutsiya bai rasa aikinsa ba. Aka mayar da shi gaban na'ura, farkon bel, yana cire abin da zai iya toshe ta. Tsohon juji yana zuwa da tarkace iri-iri: guntun ƙotar guduma, gammon da ya ruɓe, silifa ƙafa ɗaya, gindin kwanon da tsatsa ta cinye. Yana cirewa yana jefawa a durom. Sunan dai bai canja ba, foman yana ta tsokanarsa cewa bai taɓa ganin wutsiya a goshi ba. A nan ko ya janye hannu ba wanda zai amfana, duk abin da ya wuce shi cikin akwatin zai shiga.

Yaya ta koma sabon filin. Kullum da safe tana can da gudumarta, ita da wasu tsofaffi biyu da ba su da inda za su. Daga inda yake tsaye yana hango ta, ta ɗaga dutse ta auna a hannu ta yar, ta ɗaga wani. Wani lokaci ta fasa duk da haka. Da yamma ta wanke abin da ta daka, gindin kwano ya fito fari. Ta sayar da sabon zanen. Ya aika matarsa da abinci, Yaya ta karɓa ranar farko don kunya, rana ta biyu ta ce ta riga ta ci.

Wata rana wani mai ciki ya zo gabansa, babba, baƙi ƙirin, irin wanda ko a da ba a saki. Ya duba hagu ya duba dama. Ya ɗauke shi ya sa a kwanon abincinsa ya rufe. A bakin ƙofa mai gadi bai ko dube shi ba, wa zai caje Wutsiya. Duk hanya kwanon yana ja masa hannu, kunya ta rufe shi tun kafin ya isa ɗakin Yaya.

Ya tarar da ita a bakin ƙofa, ta fito da kayan ɗakinta tana ɗaurewa a tsofaffin zannuwa. Ya durƙusa ya buɗe kwanon a gabanta. Ta dubi dutsen, ba ta taɓa shi ba.

"Daga ina?"

"Daga bel."

"Ka saka shi a kwano ka fito da shi."

Ya sunkuyar da kai.

"Auta, mu abin da aka zubar muke tsinta. Ba a kawo mana." Ta ja bakin ƙullin ta ɗaure tam. "Gobe ka mayar musu. Uwarmu ba ta haifi wannan ba."

"Yaya, ni na jawo. Ni na..."

"Na sani. Foman ya ga abin da ka zuba a kwandon, gwaggonsa ta gaya mini tun tuni." Muryarta ba ta canja ba. "Da kyakkyawar niyya ka yi. Kama mini wannan ƙullin, ya fi ƙarfina. Na aika wa mijin 'yata, ya ce mota za ta zo da safe."

Ya kama mata. Suka gama ɗaure kayan tare. Turmin ƙarfen ta ce a bar wa maƙwabciya, gudumar kuma ta juya ta a hannu, ta rasa wa za ta ba, ta jingine ta a bango.

Da safe motar ta zo, surukin da kansa ya tuƙo. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya buɗe mata ƙofar gaba, ya ce ta kwantar da hankalinta, daga yau ba za ta ƙara ɗaga ko tsinke ba, komai za a kawo mata har ɗaki. Ta ce Allah ya yi albarka, ta shiga ta zauna, hannayenta biyu a kan cinya.

Wutsiya ya tsaya har motar ta sha kwana. Daga nan ya wuce ma'aikata a makare, ya hau wurinsa, ya buɗe kwanon ya ɗora dutsen a kan bel. Ya bi shi da ido har ya shige cikin akwatin. Can ciki iska ta yi tas.